Wa Ya Ce Bagauda Ya Hau Sarauta a 999? Fashin Baƙi Kan Tantance Madogaran Tarihi

Duk wanda ya yi karatun tarihin Kano a makaranta, ko ya taɓa sauraron masu jawabi a wajen bikin naɗin sarauta, ya ci karo da shekarar 999. Ita ake bayarwa a matsayin shekarar da Bagauda ya zama sarkin Kano na farko, kuma an yi ta nanata ta a littattafai da jaridu da shafukan Facebook har ta zauna daram a zukatan mutane, sai ka ce wani malami ne ya rubuta ta a allo ranar da aka yi naɗin. Amma wanda ya buɗe littafin da aka ɗauko labarin Bagauda daga cikinsa ba zai tarar da wannan shekara ba. Littafin, wanda aka fi sani da Tarihin Kano, da Larabci aka rubuta shi, babu sunan mawallafi a jikinsa, kuma abin da yake bayarwa shi ne adadin shekarun da kowane sarki ya yi a kan karaga: Bagauda sittin da shida, Warisi talatin da uku, haka dai har ƙasa. Wani Baturen mulki mai suna H. R. Palmer ne ya fassara shi zuwa Ingilishi ya buga a 1908, sannan ya yi lissafi da baya da baya, yana ɗebe shekarun kowane sarki daga lokacin wanda ya gaje shi, har alƙalami ya tsaya masa a shekara ta 389 bayan Hijira, wadda ta zo daidai da 999 ta Miladiyya. Ke nan shekarar da muke rantsuwa da ita sakamakon lissafi ce, kuma ingancinta ya rataya ne a kan cewa ba a manta da ko sarki ɗaya ba, ba a kuma yi kuskuren ko adadi ɗaya ba, a tsawon shekara kusan ɗari tara.

Ban kawo wannan don in rage wa littafin daraja ba, domin a duk faɗin ƙasar Hausa babu garin da yake da kundi mai yalwar bayani irinsa. Na kawo shi ne saboda yana nuna inda yawancinmu muke tuntuɓe idan gardamar tarihi ta kaure. Mukan tambaya ko littafi kaza gaskiya ne ko ƙarya, kamar madogarar tarihi ƙwai ce, ko dai lafiyayye ko bara-gurbi. Alhali littafi ɗaya yakan zama abin dogaro a wannan shafi, ya koma tatsuniya a shafin da ke biye, wani lokaci ma a cikin labarin sarki guda. Aikin mai bincike shi ne ya gane wace tambaya madogarar da ke hannunsa take iya amsawa, wace ce kuma ta fi ƙarfinta.

Hanyar yin haka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk almajirin da ya zauna gaban malamin hadisi ya san ana duba isnadi, wato jerin mutanen da magana ta biyo ta bakinsu, a tambaya ko wane ya riski wane, ko maruwaici mai riƙo ne ko mai mantuwa, ko an san shi da son zuciya. Sannan a koma kan matani a ga ko ya ci karo da abin da ya fi shi ƙarfi. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya ƙara wani ma'auni game da labaran tarihi, shi ne a gwada labari da yadda al'amuran duniya suke gudana. Ya yi misali da masu cewa rundunar Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta kai mayaƙa 600,000, ya ce a yi tunanin filin da zai ɗauke su, da yadda za su jeru su yi yaƙi, da kuma ƙarancin kakannin da ke tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙubu, sai a ga adadin ya ƙi shiga hankali. Abin mamaki a nan shi ne, mutumin da ba ya karɓar hadisi sai ya ji darajarsa, shi ne kuma zai haɗiye labarin asalin garinsu ɗungurungum don kawai ya gan shi a buge cikin littafi.

To, bari mu ɗora Tarihin Kano a kan wannan sikeli. Sarakuna 48 ya lissafo, ya fara da Bagauda ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello, wanda ya hau a farkon shekarun 1880 ya rasu a 1893. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa littafin, a siffar da ya iso mana, ɗan ƙarshen ƙarni na 19 ne. Abin da masana suka yi saɓani a kai shi ne ko a lokacin aka tsara shi gaba ɗaya, ko kuwa tsohon rubutu ne aka riƙa yi wa ƙari. Murray Last yana ganin an fara harhaɗa shi tun tsakiyar ƙarni na 17. John Hunwick kuwa, a wani rubutu da ya fitar a 1994, ya kawo hujjojin cewa hannu ɗaya ne ya tsara shi a zamanin Bello, ya kuma karkata ga Ɗan Rimi Barka, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki, a matsayin mai aikin. Ko wanne daga cikinsu ya dace, warin fada yana tashi daga kowane shafi na littafin. Ya san wanda aka naɗa Galadima da wanda aka tuɓe daga Madaki, ya san sunayen barade da suka fita yaƙi, ya san sunan mahaifiyar sarki, ya kuma adana kirarin sarakuna da Hausa a tsakiyar Larabcinsa. Waɗannan su ne abubuwan da fada take riƙewa da haƙori, kuma kirari musamman yana da wuyar gurɓata, tun da maroƙi haddace shi yake yi kalma da kalma, in ya sauya kuwa akwai masu kunne a wurin. Amma a tambayi littafin yadda manomi yake rayuwa a ƙauye, ko nawa ake sayar da mudun gero, ko me matan gari suke sana'antawa, sai ya yi gum.

Akwai wani ɗan lissafi da kowa zai iya yi da kansa, wanda yake nuna inda ƙafar littafin take da rauni. Sarakuna goma na farko, daga Bagauda zuwa Usman Zamnagawa, idan aka ƙirga tagwayen nan Nawata da Gawata a matsayin sarauta ɗaya kamar yadda littafin ya yi, sun cinye shekara 350 bisa lissafin Palmer, daga 999 zuwa 1349, wato kowanne ya tashi da shekara 35 in an raba daidai. Daga Muhammadu Rumfa kuwa, sarki na 20, zuwa Alwali, sarki na 43 wanda jihadi ya kawar, sarakuna 24 ne suka raba shekara 344, daga 1463 zuwa 1807, kowanne bai wuce shekara 14 da 'yan watanni ba. Da wuya a ce mutanen farko sun fi na baya tsawon rai har ninki biyu da rabi, a gidan sarautar da ga yaƙi, ga annoba, ga juyin fada. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne ko dai an manta sunayen wasu sarakuna aka jibga shekarunsu a kan waɗanda aka tuna, ko kuma an ja shekarun ne domin sarautar ta ƙara tsufa. Idan na farko ne, mai yiwuwa 999 ba ta yi nisa da gaskiya ba. Idan na biyu ne, to farkon sarautar ya matso kusa da mu fiye da yadda muke faɗa.

Sannan ga hannun mai kwafa. Wanda ya taɓa riƙe tsohon littafi na gida ya san yadda yake: warƙoƙi ne warwatse ba ɗinki, a cikin gafakar fata, kalmar farko ta shafi mai zuwa an rubuta ta a ƙasan shafin da ake ciki don kada tsari ya rikice, gara ta ci gefe, ruwa ya taɓa tawada ta baje. A rubutun Larabci, kalmar bakwai da kalmar tara, sab'a da tis'a, haƙoran baƙi da ɗigo ne kawai suka raba su, haka ma saba'in da tis'in. Malamin da yake kwafa da fitilar aci-bal-bal, idan ɗigo biyu suka goge masa, ya riga ya ƙara wa sarki shekara biyu ko ya rage masa, duk wanda ya kwafa daga gare shi kuma zai gaji kuskuren da zuciya ɗaya. Takardar ita kanta tana magana. Yawancin littattafanmu na ƙarni na 19 an rubuta su a kan takardar Italiya, wadda idan aka ɗaga ta a rana ake ganin tambarin jinjirin wata uku a cikinta, kuma daga irin tambarin masana sukan gane zamanin da aka yi ta. Sai dai shekarun takarda shekarun kwafi ne kawai. Maganar da ke kanta tana iya girmar ta da ƙarnoni.

Duk da wannan, akwai wurin da Tarihin Kano ya ci jarrabawa, kuma cin ya isa a jinjina masa. Lissafin Palmer ya sanya Rumfa tsakanin 1463 da 1499, littafin kuma ya ce a zamaninsa Sharifai suka zo Kano. Daga wata majiya dabam, wadda ba ta san da Tarihin Kano ba, wato littafin tarihin malamai na Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, mun san cewa Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ya baro Tuwat, da ke Aljeriya ta yau, ya zo Kano ya rubuta wa sarkinta nasiha kan mulki, daga nan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songhai a 1493. Ga kuma rubutun al-Magili kansa yana nan. Wato lissafin da aka faro daga ƙarshen ƙarni na 19 ya yi tafiyar shekara ɗari huɗu da baya, ya sauka inda ya kamata ya sauka. Irin wannan haɗuwa ta shaidu biyu da ba su haɗa baki ba ita ce mafi ƙarfin hujja a tarihi, ita ce kuma dalilin da ya sa ake sakin jiki da shekarun littafin daga Rumfa zuwa gaba, ake kuma ɗari-ɗari da na gabaninsa, inda babu shaida daga waje da za a jingina da ita.

A cikin labarin Rumfa ɗin nan da ya ci jarrabawa, a nan ne kuma littafin ya ce shugaban Sharifan ya taso da ƙasar Madina a cikin ƙyalle, duk garin da ya sauka sai ya gwada ta da ƙasar wurin, ba ta dace da ta ko'ina ba sai da ya iso Kano. Mai neman yadda tafiyar ta gudana ba zai samu komai a nan ba. Mai neman sanin yadda Kanawa suke kallon garinsu, da matsayin da suke ba shi a cikin duniyar Musulunci, ya samu shaida mai tsada. Haka nan inda littafin ya ce sunan Bagauda na yanka Dauda, alhali shi da kansa ya ce sai a zamanin Yaji Musulunci ya shigo fada: wannan ya fi ba mu labarin masu ba da labarin fiye da labarin Bagauda.

Shigowar Musuluncin ma akwai magana a kanta. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Amma akwai wani ɗan littafi kan asalin Wangarawan Kano, mai ɗauke da shekarar Hijira 1061, wato wajen 1650, wanda Muhammad al-Hajj ya fito da shi a 1968, kuma shi a zamanin Rumfa ya sanya zuwan wannan malami, bambancin shekara ɗari ke nan. Wanda yake gaggawa zai ce a bi wanda ya fi tsufa. Amma tsufa kaɗai ba ya yanke hukunci, domin wannan littafi na zuriya ne, an rubuta shi don a fito da darajar kaka, kuma haɗa kaka da Rumfa da al-Magili ƙarin daraja ne. A nawa ganin, abin da ya fi dacewa da yadda fatauci da malanta suke tafiya shi ne Wangarawa ba rana ɗaya suka zo ba, ayari bayan ayari suka riƙa shigowa, sai daga baya aka ɗauki sunan mafi shahara a cikinsu aka liƙa wa zuwan farko. Irin wannan saɓani ne yake kan Amina ta Zazzau: Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, har ya ce Sarkin Nupe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000, yayin da ruwayar Zazzau take cewa 'yar Bakwa Turunku ce, wanda jerin sarakunan can ya sanya a 1536.

Shirun madogara ma abin aunawa ne. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa kan Afirka a Italiya a 1526, aka buga shi a 1550, kuma a ciki ya ce Askiya ya ci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Tarihin Kano bai ce uffan ba a kan haka. Za a iya cewa ai fada ba ta son tuna ranar kunya, sai dai littafin bai ɓoye wahalar da Kano ta sha a hannun Kwararrafa ba, bai kuma ɓoye lokutan da ta rusuna wa Barno ba. Sai a waiwayi ɓangaren Songhai, inda in da an yi wannan gagarumar nasara za a yi ta buga ƙirji da ita. Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, wanda aka rubuta a Tambutu da kewayenta a tsakiyar ƙarni na 17, ya ambaci yaƙi da Katsina a wajen 1513, da yaƙin Agadas, da tawayen Kanta, amma bai ambaci cin Kano ba. Idan wanda aka ce an ci da wanda aka ce ya ci duk sun yi shiru, sai baƙo kaɗai yake magana, to maganar baƙon ce take buƙatar shaida, balle ma masana da dama suna shakkar ko al-Wazzan ya taɓa taka ƙasar Hausa da ƙafarsa.

Tarkon da ya fi kama mutane a yau shi ne yawan masu faɗa. Na taɓa zama da wani dattijo a zaurensa ina tambayarsa labarin sarakunan da, ya yi ta zubo su bi da bi babu gargada, yana cewa haka ya ji daga kakansa. Ina cikin murna na samu ruwayar baka mai zaman kanta, sai na ji ya ce Rumfa ya hau a 1463. Kakan da ya rayu kafin zuwan Turawa ba da shekarar Miladiyya yake lissafi ba. Da na bi a hankali, sai ya tuna cewa suna yara malaminsu na elementare yakan karanta musu labarin daga littafi. Ba ƙarya dattijon ya yi ba, abin da ya ji a gida da abin da ya ji a aji ne suka narke suka zama ɗaya a ƙwaƙwalwarsa. An buga fassarar Hausa ta Tarihin Kano a Zariya tun farkon shekarun 1930, ta shiga makarantu, daga nan ta koma bakin mutane ta sake fitowa da rigar tarihin baka. Kunne ya girmi kaka, gaskiya ne, amma sai an tambayi kunnen inda ya jiyo. Littattafai ashirin da suka ce 999 ba shaidu ashirin ba ne, Palmer ne shi kaɗai yake magana da bakuna ashirin. Intanet kuwa ta ƙara wa wannan cuta gudu, har ana yawo da hoton wani dattijo mai rawani ana cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, alhali Shehu ya rasu a 1817, fasahar ɗaukar hoto kuma ba ta fito fili ba sai a 1839.

Palmer ɗin nan yana da wata ɗabi'a da ya kamata mai karanta shi ya sani, ita ce ɗokin danganta duk wani abin kirki na ƙasar nan da baƙi daga gabas ko arewa, kuma kamannin suna kaɗai yakan ishe shi hujja. Ta haka aka haɗa Bayajidda da Abu Yazid, ɗan tawayen da aka kashe a Afirka ta Arewa a 947. Abdullahi Smith, a 1970, ya yi watsi da ɗaukar labarin Bayajidda a matsayin bayanin kafuwar daulolin Hausa, yana mai cewa a nemi asalinsu a cikin ƙasar kanta, a noma da ƙira da kasuwa da bunƙasar birane. Ƙasa ma ta ba da tata shaidar, domin gwajin kimiyya da aka yi wa gawayin wani murhun narkar da tama a Dala ya nuna ana aikin ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Wani abin lura shi ne yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarin a Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812. A wurinsa Bawo, wanda ake cewa ɗan Bayajidda ne, bawan Sarkin Barno ne, Gobirawa kuwa 'ya'ya ne masu asali daga Kibɗawan Masar, kuma ya faɗi wanda ya ba shi labarin, wato Sarkin Agadas Muhammadu al-Baƙiri. Ambaton majiyar ya ba mu damar tambayar abin da Agadas, mai tsohuwar alaƙa da Gobir, take so a ji. Labari ɗaya ne, amma a Daura jikan sarkin Bagadaza ake ji, a wani wurin kuma bawan Barno, gwargwadon wanda yake riƙe da zaren.

Rubuce-rubucen jihadi suna da wata matsala ta dabam. Bello da Abdullahi ɗan Fodiyo ganau ne, da su aka yi Tabkin Kwatto a 1804, kuma sun rubuta abin da suka gani tun ƙurar ba ta gama kwantawa ba, saboda haka a kan jerin yaƙe-yaƙe da wurare da sunayen mutane babu wanda ya kai su. Amma su ne ɓangare ɗaya na rigimar, kuma Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808 ba ta bar mana littafin da ya faɗi yadda Sarkin Gobir Yunfa yake kallon al'amarin ba. Abin da ya ɗaga darajar Bello a idon mai bincike shi ne ya kwafo wasiƙar Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wadda take tuhumar hujjar yaƙar Barno, ya sanya ta a littafinsa kafin ya mayar da martani. Haka baƙi masu yawon buɗe ido suke da nasu gejin. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851 da sunan Abdulkarim, abin dogaro ne a kan abin da idonsa ya gani a kasuwa, kamar turkuɗi da farashin kaya da wuri, amma mutum 30,000 da ya ce suna zaune a birnin kintace ne, kamar yadda 30,000 zuwa 40,000 na Baturen nan Clapperton a 1824 yake kintace. Marigayi Yusufu Bala Usman ya ware rubutu guda a kan zaman Barth a Katsina, don ya nuna cewa kasancewar mutum ganau ba ta ɗauke wa mai bincike nauyin tambayar da wa ya zauna, me ya zo nema, da wane irin tunani kuma ya zo.

Akwai kuma jabu na gangan, kuma mafi shaharar misalinsa a Afirka ta Yamma ya shafi Sakkwato. Tarikh al-Fattash, wanda aka buga a Faransa a 1913 da sunan Mahmud Ka'ti, yana ɗauke da wani hasashe da aka jingina wa Imam Suyuɗi, cewa Askiya Muhammadu shi ne halifa na goma sha ɗaya, na goma sha biyu kuma zai bayyana a Masina, da ke Mali ta yau, sunansa Ahmadu. Shekara da shekaru ana karanta wannan a matsayin rubutun ƙarni na 16. Nehemia Levtzion ya nuna a 1971 cewa cusa shi aka yi, binciken Mauro Nobili na baya-bayan nan kuma ya ɗora aikin a kan Nuhu ɗan Ɗahiru, malamin fadar Shehu Ahmadu Lobbo, wanda ya kafa daular Hamdallahi bayan nasararsa ta 1818. An ɗauki tsohon tarihi na ƙarni na 17 aka yi masa kwaskwarima domin Lobbo ya samu hujjar halifanci da ba ta bi ta Sakkwato ba, kuma tun a lokacin Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, ya rubuta raddi a kan da'awar. Hasashen da ya faɗi suna da gari daidai wa daida, ya kuma amfani mai mulkin da aka same shi a zamaninsa, shi da kansa yake tona kansa. Amma gano jabun bai mayar da littafin shara ba: tsohon ɓangarensa yana nan da amfaninsa ga tarihin Songhai, sabon kuma ya zama shaida a kan siyasar Masina da Sakkwato.

Takardun Turawan mulki, waɗanda suke jibge a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, sukan ruɗi mai karatu da tsabtarsu, ga kwanan wata, ga lamba, ga sa hannu. Amma rahoton Razdan rubutu ne na ma'aikaci zuwa ga ubangidansa, ya bi ta bakin tafinta, kuma mai shi yana neman yabo ko kariya. Gwamna Lugga ya ce a wajen watan Mayun 1902 ya samu wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda take cewa ba a yarda ko Bature ɗaya ya zauna a ƙasar ba, kuma babu abin da ke tsakani sai yaƙi irin na Musulmi da kafirai. Da ita ya kafa hujja a gaban hukumar Ingila, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Fassarar Ingilishi ce ta wanzu, ba a samu asalin Larabcin ba. D. J. M. Muffett, wanda shi ma tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya tayar da shakka a kanta a 1964, yayin da wasu masana suke ganin lafazinta bai saɓa wa matsayin daular game da Nasara ba. Hanyar da ta rage ita ce a jera ta da wasiƙun da asalinsu yake hannu, irin waɗanda aka samu a gidan Waziri Buhari a 1903 aka buga fassararsu a 1927, a duba salon buɗewa da na rufewa da yadda fadar take magana da baƙi. Abin da ya sa wannan wasiƙa ta daɗe ba a matsa mata tambaya ba shi ne ta yi wa kowa daɗi. Lugga ya samu dalilin yaƙi a cikinta, mu kuma jikokin waɗanda aka ci mun samu abin alfahari, har muna kafa ta a jawabai muna mayar da ita Hausa daga Ingilishin Lugga.